Idan injina biyu suka mutu a sama: ina P-38 zai iya kaiwa?

Ranar 11 ga Fabrairun 1939, Laftanar Benjamin Kelsey na sojan saman Amurka ya tashi daga filin jirgi na March a jihar Kalifoniya da XP-38, samfurin gwaji ɗaya tilo na jirgin yaƙin P-38 da kamfanin Lockheed ya ƙera, wanda sati biyu ke nan da fara tashinsa. Ya tsaya shan mai a Amarillo da Dayton, ya ratsa ƙasar daga yamma zuwa gabas cikin awa 7 da minti 2 a sama. Da ya iso filin Mitchel kusa da birnin New York sai ya rage totur, ya sauke tayoyi, ya zaro filaf, wato faifan nan da ke fitowa daga bayan fiffike don jirgi ya iya tafiya a hankali. Can ya ga ba zai kai bakin titi ba, ya tura totur, injin bai amsa ba. Yawancin masu bayani suna ɗora laifin a kan ƙanƙarar da ta daskare a kafireto. Jirgin ya shafi kan bishiyoyi ya faɗa filin wasan golf. Kelsey ya fito da ƙafarsa, jirgin kuwa ya tashi daga aiki.

Har yau akwai maganar da ake yawan maimaitawa a kan P-38 Lightning da 'yan'uwansa masu inji biyu na Yaƙin Duniya na Biyu: wai da zarar injin ya mutu, faɗowa suke yi tim. Ba a rasa dalili ba. Jirgi ne mai nauyin tan 5.8 ba mai ba harsashi, in an cika shi ya kusa tan 8, in aka rataya masa ƙarin tankuna ko bama-bamai ya doshi tan 10. Injin Allison biyu ne a jikinsa, kowanne mai silinda 12, ga manyan bindigogi huɗu da igwa ɗaya cunkushe a hanci. Wanda ya kalle shi a ƙasa zai ce wannan ƙarfin inji kaɗai ke riƙe da shi a sama. Sai dai tambayoyi biyu ne aka cure wuri ɗaya. Ta farko, wane nisa zai ci kafin ya iso ƙasa? Ta biyu, da wane gudu zai iso? A ta farko P-38 ya yi abin a yaba. A ta biyu ne ake jin jiki.

Jirgin da injinsa ya mutu bai daina tashi ba. Fiffike ba ruwansa da inji, abin da yake buƙata kawai iska ta riƙa ratsa shi da gudu. A da inji ke samar da gudun, yanzu tsayi ne zai samar. Matuƙi zai sunkuyar da hancin jirgin kaɗan, nauyin jirgin ya riƙa jan sa gaba, kowace mita ta tafiya kuma a biya ta da ɗan tsayi. Farashin ya dogara ne a kan abu biyu: ƙarfin ɗagawar da fiffike ke bayarwa, da turjiyar da iska ke yi wa jirgin. In ɗagawa ta ninka turjiya sau goma, jirgin zai ci mita goma gaba a duk mita ɗaya da ya sauka. Wannan adadi shi ne ma'aunin sulalawa.

A alƙaluman da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta wallafa a 1985, mafi kyawun adadin P-38L, ɗaya daga samfuransa na ƙarshe, shi ne 13.5. Na P-51 Mustang, mai inji ɗaya da ake yi wa kirari da santsin jiki, 14.6 ne, ka ga tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Cessna 172, ƙaramin jirgin da ake koyon tuƙi da shi a duniya, wajen 9 yake samu. Boeing 767 na kamfanin Air Canada da mai ya ƙare masa a sama ranar 23 ga Yulin 1983, ya sulala har tsohon filin soja na Gimli a Kanada, an ƙiyasta ya yi wajen 12. Wato a takarda, wannan ƙaton jirgin yaƙi ya fi jirgin koyo iya sulalawa nesa ba kusa ba, ya kuma tsaya kafaɗa da kafaɗa da jirgin fasinja na zamani. Jiragen da aka ƙera musamman don shawagi ba inji su ne ke kai 40 zuwa 60, amma su aikinsu ke nan.

Asirin yana cikin fiffiken. Turjiya iri biyu ce. Akwai ta gogayyar iska da jikin jirgi, wadda ke ƙaruwa in gudu ya ƙaru. Akwai kuma wadda ɗagawar kanta ke haifarwa, domin fiffike sai ya tura iska ƙasa kafin ya ɗaga jirgi, kuma a bakinsa iska na murɗewa tana cin ƙarfi. Ita wannan ta biyu ta fi tsanani in gudu ya ragu, maganinta kuwa dogon fiffike siriri. Hall Hibbard da Clarence Johnson, injiniyoyin da suka zana jirgin, sun ba shi fiffike mai tsawon mita 15.85 daga baki zuwa baki, faɗin shimfiɗarsa murabba'in mita 30.4. Tsawon ya ninka matsakaicin faɗin fiye da sau takwas, alhali yawancin jiragen yaƙi masu inji ɗaya na lokacin sau biyar da rabi zuwa shida ne. Ba don sulalawa suka yi haka ba. Soja sun nemi jirgin da zai hau sama da sauri ya tare masu jefa bam a inda iska ta yi siriri, shi ya sa. Sulalawar kyauta ce ta biyo baya. Ta fuskar gogayya ma jirgin ba laifi: duk da gangar jiki uku da lagireto huɗu da ke gefen dogayen jelolinsa biyu, jimillar turjiyar jikinsa daidai take da ta allon da faɗinsa bai cika murabba'in mita ɗaya ba, 0.82.

To nauyin fa? A nan ne hankali ke yaudarar mutum. Nauyi ba ya rage nisan sulalawa ko kaɗan. Jirage biyu iri ɗaya, ɗaya cike ɗaya wofi, in suka fara daga tsayi ɗaya kuma kowanne ya riƙe gudun da ya dace da shi, wuri ɗaya za su sauka. Mai nauyin zai riga isa ne kawai, domin gangarar ɗaya ce, shi dai da gudu yake bin ta. Abin da nauyi ke canzawa gudu ne da lokaci. Kowane murabba'in mita na fiffiken P-38 yana ɗauke da kilo 260. Na Zero, ɗaya daga jiragen Japan da ya kara da su a tekun Fasifik, bai wuce kilo 110 ba. Na Cessna wajen 70. Dole P-38 ya yi gudu kafin fiffikensa ya ɗauke shi.

In aka ɗauki waɗancan alƙaluma aka yi lissafi da jirgi mai nauyin tan 7, gudun da ya fi dacewa yana faɗawa wajen kilomita 260 a awa a agogon matuƙi, jirgin kuma yana sauka mita biyar da ɗoriya a kowace daƙiƙa. Daga tsayin mita 6,000, inda aka saba samun waɗannan jirage, zai ci kilomita 80, kwatankwacin Zariya zuwa Kaduna, cikin minti 15 ko 16. In iska mai gudun kilomita 60 a awa ta taho ta gabansa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nisan ya tafi. In kuma injin ya mutu jirgin na cikin gudun faɗa, a ce kilomita 600 a awa, rarar gudun ita ma jari ce: matuƙi zai ɗaga hanci ya mayar da ita tsayi, lissafi ya ce ya haura mita 1,100, a zahiri ƙasa da haka saboda asarar hanya. Bob Hoover, wanda ya tuƙa jiragen yaƙi a wancan yaƙin, ya shekara da shekaru yana nuna wa jama'a wannan ciniki da jirgin Shrike Commander mai inji biyu: ya kashe injin duka, ya yi alkafura a sama, ya mirgina, ya sauka, ba da komai ba sai jarin gudu da tsayi.

Amma 13.5 adadin jirgi ne da babu abin da ke yi masa cikas. Babban cikas kuwa yana nan gaban kowane inji, farfela mai wuƙaƙe uku, faɗin da'irarta mita uku da rabi.

Inji in ya mutu a sama farfela ba ta tsayawa. Iska ce ke kama wuƙaƙenta ta riƙa juya su, su kuma su juya mataccen inji da fistan 12 da duk abin da ke manne da shi. Wannan aiki ƙarfi yake ci, kuma babu inda za a samo ƙarfin sai daga tsayin jirgin. Duk direban da ya taɓa gangaro tudu ya san bambancin motar da aka bari cikin giya da wadda aka sa a firi: ta farko inji na riƙe ta, ta biyu sai dai birki. Farfelar da iska ke juyawa ita ce motar cikin giya. Da'irar farfela ɗaya ta P-38 ta kai murabba'in mita 9.6, biyun sun haura 19, kusan kashi biyu cikin uku na faɗin fiffiken gaba ɗaya. Ba duk wannan fili ne ke zama bango ba, amma ko ɗan kaso nasa ya isa ya ɓata lissafi. Duba: jirgi mai tan 7 da adadi 13.5, jimillar turjiyarsa wajen kilo 520 ce kacal. A misali, a ce kowace farfela ta ƙara kilo 150, jimilla ta koma 820, adadin ya faɗo 8.5, kilomita 80 ɗin nan ta koma 51. Ba a taɓa fiffike ba, ba a ƙara nauyi ba.

A nan ne P-38 ke da abin da Mustang da Spitfire na Birtaniya, masu inji ɗaya, ba su da shi. Farfelarsa ta kamfanin Curtiss tana da ƙaramin mota na lantarki a cibiyarta, wanda ke iya murɗa wuƙaƙen har su fuskanci iska da kaifinsu. In aka juya su kaifi gaba, farfela ta tsaya cik, iska ta wuce ta gefensu ba ta da abin kamawa. An sa wannan ne don jirgi ya iya komawa gida da inji ɗaya, amma yana aiki ga biyun. Jiragen yaƙi masu inji ɗaya ba a yi musu wannan tanadi ba, iyakar abin da matuƙinsu zai yi shi ne ya buɗe wuƙaƙen iya inda suka tsaya, farfela ta ci gaba da juyawa tana ja. Saboda haka ina ganin P-38 da aka gyara wa farfela zai kusanci adadinsa na takarda fiye da yadda Mustang zai kusanci nasa, kuma ba abin mamaki ba ne ya wuce shi a nisa.

Sai dai juya wuƙaƙe ba kyauta ba ne, kuma shawarar ba ta da sauƙi kamar yadda take a rubuce. Lantarki ake buƙata. Samfuran farko janareto ɗaya gare su, a injin hagu, sai daga baya aka ƙara na biyu. In farfela biyu suka tsaya, batir kaɗai ya rage, shi ne zai riƙe rediyo, shi ne kuma zai sake buɗe wuƙaƙen in ana so a gwada tayar da inji. Famfunan man matsi da ke sauke tayoyi da filaf su ma inji ke juya su, in sun tsaya sai famfon hannu, matuƙi na bugawa da hannu ɗaya yana riƙe da sitiyari da ɗayan. (Sitiyari ne kuwa na gaske, irin na manyan jirage, ba sandar da aka saba gani a jiragen yaƙi ba.) A samfuran ƙarshe, ƙarshen J da kuma L, man matsin ne ke taimaka wa matuƙi karkata jirgin, in babu shi sitiyarin ya yi nauyi.

Abu mafi muhimmanci shi ne farfelar da iska ke juyawa ita ce hanya mafi sauri ta farfaɗo da inji. In matsalar mai ce, da zarar man ya dawo inji zai kama da kansa tunda yana juyawa. Kuma injina biyu ba sa mutuwa tare haka kawai. Harsashi ko lalacewa galibi ɗaya suke kamawa. Abin da ke kashe biyu lokaci ɗaya kusan kullum abin da suka yi tarayya a kai ne: mai ya ƙare, ko an bar makunnin mai a kan tankin da ya bushe, ko an yar da tankunan ratayawa ba a juya zuwa na ciki ba, ko ƙanƙara. P-38 ya yi ƙaurin suna a nan, domin kowane inji da nasa makunnin zaɓen tanki, an kuma ajiye su a ƙasa gefen kujera inda sai da lalube. A watan Yunin 1944 Kanar Harold Rau, kwamandan runduna ta 20 ta jiragen yaƙi a Ingila, ya rubuta wa shugabanninsa takarda yana zayyana yawan abubuwan da sabon matuƙi zai taɓa cikin 'yan daƙiƙu in abokan gaba suka faɗo masa, da safar hannu mai kauri, cikin sanyin da ke kashe yatsu, kuma juya tankuna na sahun gaba. To matuƙin da injinsa biyu suka yi shiru yana da zaɓi biyu masu cin karo. Ya bar farfela na juyawa yana laluben makunni, yana asarar tsayi da sauri amma da fatan inji ya dawo, ko ya juya wuƙaƙe ya sayi nisa ya haƙura da inji. A mita 6,000 yana da sararin gwada na farko kafin ya koma na biyu. A mita 300 ba shi da ko ɗaya, minti ɗaya ne tsakaninsa da ƙasa.

Shi ya sa horon da aka ba matuƙan P-38 bai tsaya a kan sulalawa ba, a kan tafiya da inji ɗaya ya tsaya, don ita ce ta fi faruwa, ita ce kuma ta fi kisa a farkon zamani. Farfelolinsa biyu kishiyar juna suke juyawa, abin da ke sa jirgin ya miƙe sumul in duka suna aiki. Amma in ɗaya ya mutu daidai lokacin tashi, kafin gudu ya kai wajen kilomita 190 a awa, matuƙi kuma ya danna wa mai ran totur har ƙarshe kamar yadda aka koya masa a wasu jirage, sai jirgin ya kife ya daki ƙasa. Daga baya aka gane maganin shi ne a fara rage wa mai ran wuta, a miƙar da jirgi, a juya wuƙaƙen mataccen, sannan a ƙara wuta sannu a hankali. A 1944 Lockheed ya tura matuƙin gwajinsa Tony LeVier sansanonin Ingila yana mirgina jirgin da inji ɗaya a gaban matasan matuƙa don ya cire musu tsoro.

Saura tambaya ta biyu, ta isowa ƙasa, inda masu cewa tim suke da gaskiyarsu. Gudun da fiffiken P-38 ke sakin iska ya daina ɗauka ana lissafa shi wajen kilomita 170 a awa, na Cessna wajen 90. Ƙarfin karo kuwa ba ninki ɗaya yake bi ba, in gudu ya ninka biyu shi huɗu yake ninkawa, don haka kowane kilo na P-38 yana isowa da ƙarfin da ya ninka na ƙaramin jirgin fiye da sau uku da rabi, ga kilon da yawa. Yana buƙatar fili mai tsawo, yana buƙatar babban da'ira kafin ya juyo, kuma dama ɗaya ce. Da zarar an sauke tayoyi uku da filaf, santsin jikin nan ya tafi, gangarar ta yi tsaye, kuma ba a mayar da tsayin da ya zube. Halin da Kelsey ya samu kansa ke nan: ƙasa-ƙasa, gudu kaɗan, komai a buɗe. Adadin 13.5 bai shafe shi ba sam, don jirgin da yake tuƙawa a wannan minti ba shi ne jirgin da aka yi wa lissafin ba. Ƙa'idar da ta fito daga irin wannan ita ce kar a buɗe komai sai an tabbata za a kai, in kuma filin ba titi ba ne a bar tayoyin a ciki.

An ga amfanin ƙa'idar ranar 15 ga Yulin 1942. P-38 shida da manyan jiragen jefa bam B-17 biyu suna kan hanyar Ingila ta arewacin Atlantika, mummunan yanayi ya tare su, suka juyo, mai ya yi ƙasa, suka yanke shawarar sauka a kan ƙanƙarar Girinlan tun injina na da sauran numfashi. Laftanar Brad McManus ne ya fara, da tayoyi a waje. Tayar gaba ta nutse, jirgin ya kife a bayansa, ya fito da ƙananan raunuka. Sauran da suka gani daga sama suka sauka a kan ciki, suka zame lafiya. Mutum 25 ne a jiragen takwas, babu wanda ya mutu. Ƙirar jirgin ta taimaka: gidajen inji biyu da jelolinsu suna raba nauyin su hana shi mirginawa gefe, matuƙi kuma yana zaune a tsakiya. A 1992 aka haƙo ɗaya daga cikinsu daga ƙarƙashin ƙanƙara mai zurfin mita 82, aka gyara shi ya sake tashi a 2002.

Wata biyu da 'yan kwanaki bayan na Girinlan, ranar 27 ga Satumba, matsalar mai ta kama Laftanar Robert Elliott yana atisayen harbi a gaɓar Wales, ya kwantar da nasa P-38 a kan ciki cikin ruwa marar zurfi kusa da Harlech, ya fita ba ko ƙwarzane. Yashi ya binne jirgin har 2007. Inda babu irin wannan shimfiɗa, kamar dazuzzukan Niyu Gini ko tsakiyar teku, minti 15 ɗin sulalawa ba don neman wurin sauka ba ne. Lokaci ne na matsawa kusa da gaɓa ko yankin 'yan'uwa, da faɗa wa rediyo inda ake, sannan a fita da laima. Fitar ma sai da dabara, saboda faifan wutsiya da ya haɗa jelolin biyu yana nan a bayan kujera kai tsaye. Shawarar da aka ba matuƙa ita ce su rage gudu, su fito kan fiffike su zame ta bayansa don su wuce ta ƙarƙashin faifan, ko su kifar da jirgin su faɗo.